Fiffiken bayan mota: aiki yake yi ko kwalliya ce?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san mota ciki da waje, kanikawa da direbobi da injiniyoyi. Don Allah a taimaka mani da amsa ta ilimi.

Abin nan da ake dasawa a bayan but ɗin motocin gudu, wanda 'yan gareji ke kira sifoila, wasu kuma su ce fiffike, shin akwai aikin da yake yi, ko kuwa kwalliya ce kawai don mota ta burge? Ina nufin irin wanda ake gani a bayan Porsche da Subaru da motocin tseren da ake nunawa a talabijin.

Ba musun majalisa ya sa nake tambaya ba. Ƙanena da ke bi mani ya sayi Honda Accord ta 2008, 'yar Kwatano, irin wadda samari ke kira Anakonda. Makon jiya ya je Kano ya gano wani baƙin fiffike na alminiyam mai ƙafa biyu, tsawonsa ya kusa faɗin motar, har ya ba da kafin alƙalami. Abin da ya rage a huda but a ɗaure. Hujjarsa ita ce in ya miƙe hanya tsakanin Charanci da Kankiya ya kai 140, yana jin bayan motar ya yi sakayau yana rawa, wai fiffiken zai danne ta ta kama kwalta. Na ce mashi ni a ganina ado ne. Sai ya buɗe waya ya nuna mani motocin tsere suna shan kwana ba su rage gudu ba, ya ce to waɗannan ma ado ne? Na rasa amsar da zan ba shi.

Kuɗin ba su dame ni ba, nashi ne. Abin da ke hana ni barci shi ne yaron nan shi ke kai Hajiyarmu Kano ganin likita, kuma na san halinsa. Ranar da ya yarda akwai abin da ke riƙe mashi mota ta baya, 140 ɗin nan 160 za ta koma. Idan abin yana aiki da gaske a gaya mani in yi shiru. Idan ba ya yi, ina son bayanin da zan zaunar da shi in yi mashi, wanda ba zai ture da bidiyo ba.

Baba Direba

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da kake kula da ɗan'uwanka.

Ni tun zamanin Peugeot 504 nake bisa hanyar ga. Na ja 505, na ja J5, yanzu Sharan gare ni. Babu mai fiffike a cikinsu, kuma babu wadda ta taɓa tashi sama da ni. Abin da ke riƙe mota ƙasa taya ne da shokozoba da kaya. Duk direban da ya san aikinsa zai gaya maka mota mai lodi ta fi zama bisa titi a kan wadda ta taho wayam. In bayan motar ƙanenka na rawa, to shokozoban baya sun mutu, ko tayun sun gaji. Ni dai a wurina wanga abu ado ne, Turawan ma don a saya suke maƙala shi.

Amma ba fiffiken ke ci mani rai ba, 140 ɗin ne. Hanyar da akuya ke ƙetarawa, ga mai kura, ga ɗan acaɓar da zai faɗo maka daga lungu ranar kasuwar Charanci, mi ya kai mutum 140? Ga manyan motocin da ke lalacewa da dare su tsaya ba fitila ba alama, sai ganyen da aka zuba a titi. Ka ce mashi Baba Direba na gaishe shi, kuma ya ji tsoron Allah da ran tsohuwar nan da yake ɗauka.

Malamin Kanikanci, Rafin Daɗi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka kan gudu da shokozoba ba abin cirewa a ciki. Inda zan nemi izini in ɗan saɓa maka shi ne cewa duka ado ne. A motar da aka ƙera shi dominta abin nan yana aiki, har akwai motar da sai da aka yi asarar rayuka kafin a sa mata shi. A motar ƙanen mai tambaya kuwa, ba zai yi abin da yaron ke zato ba.

Ka tsaya a gefen mota ka dube ta. Ƙasanta a shimfiɗe yake, samanta kuwa ya yi tudu daga bonet, ya hau rufi, ya gangaro but. Kusan siffar fiffiken jirgin sama ke nan. In tana gudu, iskar da ke bin tudun nan takan lanƙwasa ta gangaro, sai matsinta a saman motar ya ragu, na ƙasa ya rinjaye shi, motar ta ɗan ɗago, musamman ta baya. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye kwanon rufi ya ga wannan aiki da idonsa: iskar da ke wucewa ta sama ce ke tsotso kwanon har ƙusa ta saki. Mota ba za ta tashi ba don tana da nauyi, amma nauyin da ke kan tayun baya yana raguwa, ita kuwa taya gwargwadon abin da ke danne ta take kama titi.

Abubuwa biyu ake yi don maganin wannan. Akwai ɗan leɓen nan da ke manne a bakin but. Shi tare iskar da ke gangarowa yake, ya ɓata mata tafiya, sai ta taru ta danna murfin but maimakon ta tsotse shi. Rage ɗagowar ne babban aikinsa. Sai kuma fiffike na sosai, wanda ke tsaye kan ƙafafu iska na bi ta samansa da ƙarƙashinsa. Wannan fiffiken jirgi ne aka kifa. Na jirgi ɗagawa yake, wannan dannawa.

Baba ya ce mota mai lodi ta fi zama, kuma haka ne. Sai dai lodi da biyan bashinsa yake zuwa: buhunan da ka zuba a but sai birki ya tsayar da su, a kwana kuma su ma suna jan motar waje. Dannawar iska kuwa tana ƙara wa taya riƙo ba tare da ta ƙara abin da birki zai tsayar ba. Sirrin bidiyon da yaron ya nuna ke nan, kuma gaskiya ne, ba dabarar kyamara ba ce.

To ga inda gizo ke saƙar. In ka ninka gudu sau 2, ƙarfin iska sau 4 yake ninkuwa. In ka rage gudu zuwa rabi, kashi ɗaya cikin 4 ne ke saura. Wata rana wani na tuƙi ka fitar da tafin hannu ta taga: a 40 da ƙyar za ka ji, a 80 sai ka yi da gaske kafin ka tsayar da shi. Mu ɗauki Porsche 911 GT3 RS ta 2022, wadda fiffikenta ya ɗara rufinta tsawo. Kamfanin ya ce a gudun kilomita 200 a awa iska na danna ta da kilo 409, a 285 kuma da kilo 860. Wannan ma ba fiffiken baya kaɗai ba ne, har da abin da aka yi a gaba da ƙasan motar. Bi lissafin ka sauko. A 100 wajen kilo 100 ne. A 50, wato gudun cikin gari tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, kilo 25 ne da 'yan kai. Motar da aka ƙera kacokan don wannan aiki ke nan fa.

Yanzu mu zo kan na kanti. In tsawonsa mita 1.2 ne, faɗinsa santimita 25, muka kuma yi mashi alfarma muka ce siffarsa daidai take, an karkata shi yadda ya kamata, iska na isa gare shi a miƙe, lissafina ya ba ni wajen kilo 14 a gudun 100, kilo 27 a 140. Accord ta 2008 tana da wajen kilo 1,500 tun kafin kowa ya shiga. Ko kashi 2 cikin 100 bai kai ba. Alfarmar ma ta yi yawa, domin a bayan rufin mota irin wannan iskar a hargitse take isowa, shi ya sa masu tsere ke ɗaga nasu sama. Abin da tabbas yaron zai samu shi ne ƙarin turjiyar iska, wato ƙarin shan mai.

Akwai wanda ya fi wannan damuna. Accord mai jan gaba ce. Tayun gaba ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki. Fiffiken kuma a bayan tayun baya yake zaune, don haka duk ɗan abin da ya danna a can yana ɗan sauƙaƙa gaba. Masu ƙera motar gudu ba sa sa na baya sai sun sa abokin aikinsa a ƙarƙashin bambar gaba, su auna, su daidaita. An ga abin da iska ke yi in ta samu shiga ƙarƙashin hancin mota a tseren Le Mans na Faransa a 1999, inda Mercedes CLR ta tashi sama ta yi alkafura, sau 2 da Mark Webber kafin a fara tseren, sau ɗaya da Peter Dumbreck ana tsakiyar yi. Allah ya sa duk sun tsira, kamfanin kuma ya janye motar da ta rage.

Motar da na ambata a farko ita ce Audi TT ta farko, wadda ta fito a 1998. An yi mata baya a dunƙule, sumul, ba leɓe ko kaɗan, don haka masu zanen suka ga ya fi kyau. Sai aka yi ta samun munanan haɗurra a gudun da ya haura 180, galibi in direba ya sauya layi da sauri ko ya shiga kwana, bayan ya kufce mashi. Daga ƙarshen 1999 zuwa 2000 kamfanin ya kira motocin, ya sa masu ɗan leɓe a baya, ya sauya kayan ƙafafu, ya ƙara na'urar kwamfuta mai hana zamewa. Mai tambaya, ka lura da abu uku a nan: abin ɗan ƙarami ne, a gudun 180 matsalar ta bayyana, kuma shi kaɗai bai wadatar ba sai da aka taɓa ƙafa.

Baba, ga hujjar da nake ganin za ta gamsar da kai. Porsche 911 ta 1989 tana da sifoila da ke kwance a ɓoye cikin murfin inji, sai mota ta kai 80 yake tasowa da kansa, ya rage ɗagowa, ya kuma ƙara wa injin iskar sanyaya shi, don ita injinta a baya yake. Bugatti Veyron nata yana tasowa a 220, in kuma direba ya taka birki a sama da 200 sai ya miƙe ya tare iska ya taya birki aiki. In don ado ne, me zai sa a ɓoye shi lokacin da mota ke tsaye ana kallonta, a fito da shi lokacin da ba mai iya ƙare mata kallo?

Dokar hukumar kiyaye haɗurra ga ƙaramar mota ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta gudu. A wannan iyaka babu motar gida da ke bukatar fiffike. Rawar da yaron ke ji a 140 saƙo ne motar ke ba shi, kuma a gareji ake karanta shi, kamar yadda Baba ya faɗa.

Ɗan Kallon Tsere

Malam, Allah ya ƙara basira, ba ka bar komai ba a wajen lissafi. Ni ba injiniya ba ne, ɗan kallo ne, amma ina so yayanmu mai tambaya ya san ta inda fiffike ya baro filin tsere ya shigo titi, don a nan ruɗanin ya samo asali.

A gasar Formula 1, a 1968 aka fara sa shi, Lotus da Ferrari da Brabham suna kan gaba. Kafin shekara ta zagayo sun ɗaga shi can sama da kan direba bisa siraran sanduna, don ya samu iskar da motar ba ta hargitsa ba. A tseren Sifen na 1969 a Basalona, fiffiken Graham Hill, direban Lotus, ya karye daidai kan wani tudu, motar ta kufce ta daki shinge. Bayan 'yan zagaye na abokin aikinsa Jochen Rindt shi ma ya karye a wuri guda, ya zo ya afka wa tarkacen motar Hill, aka fitar da shi da ciwo a fuska. A tsere na gaba, a Monako, aka haramta dogayen. Wannan ya nuna iskar nan tana da ƙarfin karya ƙarfe, kuma motar da ta dogara da fiffike, daƙiƙar da ya saki ba ta da sauran riƙo. Injiniyoyin Lotus ne fa suka ɗaure waɗancan.

A Amurka kuma akwai Dodge Charger Daytona ta 1969 da Plymouth Superbird ta 1970, masu fiffiken da ya kusa ƙafa 2 a tsaye. Da Daytona Buddy Baker ya haura mil 200 a awa, sama da kilomita 320, a filin Talladega ranar 24 ga Maris 1970. Dokar gasarsu ta ce ba za ka shiga tsere da mota ba sai ka ƙera wani adadi ka sayar wa jama'a, shi ya sa aka fitar da Daytona wajen 500 kasuwa da fiffikensu. Haka aka yi a Jamus. Mercedes 190 ɗin nan da muka taso muna gani alhazan garin nan na hawa, tana da 'yar'uwa mai suna Evolution II ta 1990, guda 502 kacal aka yi, da ƙaton fiffike a baya, don a samu damar shiga gasar motoci ta ƙasar. Subaru Impreza da Mitsubishi Lancer Evolution su ma daga tseren daji suka gado nasu. Da 'yan kasuwa suka ga mutane na son siffar, sai aka fara manna ta ga motar da ba ta taɓa ganin filin tsere ba.

Nan kuma Baba Direba ke da gaskiya, har a cikin manyan motocin. Lamborghini Countach ba da fiffike aka zana ta ba. Daga baya aka riƙa sa shi ga mai so ya biya, kuma an san yana rage mata ƙarshen gudu, amma masu saye da yawa suka dage sai da shi.

Abin da nake so a gaya wa ƙanen namu shi ne wannan. A 2011 aka fara ba direbobin Formula 1 maɓallin da ke buɗe fiffiken baya in sun shiga miƙaƙƙiyar hanya, don iska ta wuce su samu ƙarin gudu su wuce na gaba. Wato a kwana suke bukatarsa, a miƙe kuwa kaya ne suke neman sauke shi. Shi kuma a miƙaƙƙiyar hanyar Kankiya yake son sa.

Ni ina son ganin mota da fiffike, ba zan ɓoye ba, kuma ban ga laifin mutum ya ƙawata motarsa da kuɗinsa ba. Ya dai san abin da ya saya, kada ya ɗora ransa a kai.

Ɗan Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, saƙonka zai isa in sha Allah. Malam, ƙarin tambaya ɗaya: to ɗan ƙaramin da ke zuwa daga kamfani a bayan Corolla S fa, da wanda ke saman gilashin baya na jif da Sienna da Golf? Waɗannan ai ba motocin tsere ba ne. Akwai maƙwabcinmu da na jif ɗinsa ya tsage, yana cewa zai cire ya yar.

Malamin Kanikanci, Rafin Daɗi

Na Corolla S galibinsa kwalliya ce, don a bambanta ta da sauran Corolla. Ba ya cutarwa, tunda kamfani ya auna shi da motar, amma kada a sa ran wani abu.

Na saman gilashin jif da Golf da Sienna kuwa wani aiki yake yi daban, ba dannawa ba. Motar da bayanta ya yanke a tsaye tana barin wani rami na iska a bayanta in tana tafiya, matsin wurin ya yi ƙasa, sai ya riƙa jan motar baya. Shi ne kuma ke tsotso ƙurar da ke lulluɓe gilashin baya da hunturu, gaba fes baya ja wur. Ɗan rufin nan yana tsawaita saman motar, ya sa iska ta rabu da ita a wuri guda, ramin ya ragu. Ribar mai ce, 'yar kaɗan, amma kamfanin da ke ƙera mota miliyoyi ba ya raina ta. Tun shekarun 1930 wani Bajamushe, Wunibald Kamm, ya nuna cewa yadda aka yanke bayan mota yana da babban tasiri kan turjiyar iska, kuma irin wannan yanka ce ake gani a bayan Toyota Prius. Hular nan da ke saman kan tirela ita ma don mai aka yi ta.

Maƙwabcinku ya duba kafin ya cire. A jif da yawa fitilar birki ta uku a jikin abin take, wani lokaci har da bututun ruwan wanke gilashi. Amurka ta wajabta wannan fitila ga ƙananan motoci tun ƙirar 1986, kuma ita ce na bayanka ke fara gani, musamman mai babbar mota da ke zaune a sama. Gara a ɗinke tsagar ko a nemo wani a wajen 'yan gwangwan. Wanda kuma Allah ya hore wa motar gudu ta gaske, abin da kamfani ya sa mata a baya ya bar shi inda yake.

Fanel Bita, Daura

Salamu alaikum. Baba, barka da hanya. Malam, mun ƙaru. Ni ba ni da lissafi, amma irin waɗannan motocin wurina suke dawowa, bari in faɗi abin da hannuna ke taɓawa.

Murfin but ƙarfensa siriri ne, da babban yatsa ma kana lotsa shi. Masu ɗaura fiffike huda huɗu suke yi, su zura noti da ɗan washa, shi ke nan. Ba farantin ƙarfe a ƙasa da zai raba nauyin, ba robar toshe ruwa, ba fenti a bakin hudar. Mota na faɗawa rami abin yana girgiza, sannu a hankali fenti ya tsage zagaye da ƙafar, ƙarfen ya bi. Damina na zuwa ruwa ya bi notin ya sauka, ba kuma a kan kafet yake tsayawa ba, ramin safaya yake taruwa. Mai mota ba zai sani ba sai wari ya ishe shi. In ka ɗaga kafet ka ga ruwa ja kwance, jak ya yi tsatsa, gindin ramin ya fara cinyewa. Ga sandunan sifirin da ke riƙe but a buɗe, an auna su ne da nauyin murfin kaɗai. In ka ƙara mishi kaya sai ya daina tsayawa, mutum na sunkuye yana ɗauko abu ya sauko mishi a ƙeya. Irin na faiba kuma ranarmu ba ta barinsa, yakan yi fari ya fara tsattsagewa. Mai ƙafa biyun nan yana ratsa madubin tsakiya daidai inda kake hango fitilar na bayanka. Ranar sayarwa kuma dillali na ganin huda a but zai rage kuɗi, don ya san motar yaro ce da ta sha gudu.

Yallaɓai mai tambaya, kafin komai ku yi wannan da shi, a gabansa, don ya gani da idonsa. Ku danna bayan motar da ƙarfi ku saki. In ta yi sama da ƙasa fiye da sau ɗaya kafin ta tsaya, shokozoba sun tafi. Ku leƙa jikinsu, in akwai mai da ƙura ta manne a kai, sun zubar. A ɗaga ta a duba bushin na baya, don 'yan Kwatano da yawa da tsofaffin robobi suke zuwa. Sai taya. A gefenta akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Taya na iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe ta ƙandare. Sannan iska. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke bugawa in ba ka hana ba, ita kuwa takardar da ke manne a jikin ƙofar direba 30 da 'yan kai take cewa. Tayar da aka cika wa iska tsakiyarta kaɗai ke taɓa kwalta, ga zafin titi na ƙara kumbura ta, dole mota ta yi sakayau. A auna da safe kafin a fita, sannan a je alaimen. Kuɗin fiffiken nan in ya karɓo su za su rage mishi hanya a wannan aiki.

In kuma ya dage sai ya ga wani abu a bayan motar, ya nemi ɗan ƙaramin leɓen da aka yi wa Accord ta wannan shekarar, wanda ake mannawa da tef mai fuska biyu ba huda. A fesa mishi fenti kalar motar, a goge bakin but da sifirit ya bushe sarai, a manna da rana lokacin da ƙarfen ke da ɗumi, a danne shi sosai daga tsakiya zuwa gefe, kada kuma a kai ta wanki sai bayan kwana 2.